Kuka a kan mamaci rashin bangaskiya ne?

Tambaya: Baba Fasto salama. Daga wajen Malumfashi nike rubutowa. Maigidana ya rasu wata biyu ke nan, har yanzu in na ga takalminshi a bakin ƙofa sai hawaye. Wata cikin matan zumunta ta ce mani mai bi ba ya kuka haka, wai kamar ban yarda yana wurin Ubangiji ba. Don Allah zunubi nike yi?

Amsa: 'Yata sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran. Ba ki yi zunubi ba, ko kaɗan.

Ayar da ake yawan jefa ma masu makoki ita ce 1 Tasalonikawa 4:13, amma ki buɗe ki karanta da kanki, Manzo Bulus da ya rubuta ta bai ce kada ku yi baƙin ciki ya tsaya nan ba, cewa ya yi kada ku yi shi irin na waɗanda ba su da bege. To kin ga baƙin cikin yana nan, abin da ya hana shi ne mutum ya ɗauka kabari ne ƙarshen magana. Daga nan har aya 18 bayani yake yi cewa waɗanda suka yi barci cikin Almasihu su za su fara tashi.

Kuma ki duba Yesu da kanshi a Betanya, Yohanna 11. Abokinshi Li'azaru ya kwana 4 a kabari, Yesu ya riga ya gaya ma Marta, 'yar'uwar mamacin, cewa shi ne tashin matattu shi ne kuma rai, ya san sarai nan da ɗan lokaci zai kira mutumin ya fito da likkafaninshi, amma da ya ga Maryamu, ɗayar 'yar'uwar Li'azaru, tana kuka shi ma sai da ya zubar da hawaye. Wa zai ce Yesu ba shi da bangaskiya? Isra'ilawa kwana 30 suka yi suna makokin Musa. Istifanas da aka jejjefe yana ganin sama a buɗe, masu tsoron Allah ne suka binne shi suka yi mashi kuka sosai, Ayyukan Manzanni 8:2.

Ita wannan 'yar'uwar kada ki riƙe ta a zuci, na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, sai dai gaskiya mu a ikilisiya muna da wannan halin, ranar jana'iza coci cike ana waƙa ana buga tulu da kacau-kacau, bayan sati biyu kowa ya koma gonarshi an bar gwauruwa da ɗaki shiru, sannan a dawo ana mata wa'azin haƙuri. Zama da ita ya fi.

Abin da nike so ki lura da shi daban ne. Ki ci abinci, kada ki kulle kanki a ɗaki, ki bar yara su riƙa ambaton babansu a gabanki. In addu'a ta ƙi fitowa ki karanta Zabura 42 ko 23 da murya, ya isa. Amma in kika ga barci ya ƙaurace maki sati da sati, kina ramewa, ko zuciya ta fara raya maki gara ki bi shi, ranar nan ki faɗa ma matar fastonku ta raka ki asibiti, kada ki jira.