Fatawa: Ta ce ta gane wanda ya yi mata fyaɗe, shin maganarta kaɗai ta isa a hukunta shi?

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubutowa. Ƙanwata tana dawowa daga gona bayan magariba wani ya tare ta ya yi mata fyaɗe. Ba ta taɓa ganinsa ba kafin ranar. Bayan makonni ta hangi wani mutum a kasuwa, ta rantse shi ne. Samarin gidanmu suna son su je su kamo shi, wasu dattawa kuma suna cewa ta yi shiru, don in ba ta kawo shaidu huɗu ba ita za a yi wa bulala. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba ƙanwarka lafiya, ya bi mata hakkinta.

Ɗan'uwa, dattawanku sun yi kuskure. Wadda aka tilasta babu haddi a kanta, babu zunubi. Shaidu huɗun da ke cikin Suratun Nur sharaɗi ne na tsayar da haddin zina, ba a sanya su don a toshe bakin wadda aka zalunta ba. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya ɗauki ihun neman agaji da zuwa da jini a jiki a matsayin alamar tilas, ya kuma ɗora wa mai fyaɗe biyan sadakin irinta. Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ma, a gyaran da aka yi wa sashe na 149 a 2015, ta raba fyaɗe da zina. Ƙanwarka ta kai ƙara.

Amma cewa an zalunce ta abu ɗaya ne, cewa mutumin kasuwa shi ne azzalumin wani abu ne daban, kuma a nan nake roƙonku ku tsaya ku saurara.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Wa'ilu ɗan Hujr cewa wata mata ta fita zuwa salla a zamanin Annabi (SAW), wani ya danne ta, ta yi ihu, ya gudu. Mutane suka bi sawu suka kamo wani, ta ce shi ne. Har an kai ga za a zartar masa da hukunci, sai mai laifin na ainihi ya miƙe ya ce shi ya aikata. Annabi ya ce da matar ta tafi, Allah ya gafarta mata, ya kuma yi wa wanda aka kama bisa kuskure magana mai daɗi. A wata ruwayar da duhun asuba abin ya faru, kuma wanda aka kamo shi ne wanda ya taho kawo mata ɗauki. Matar ba ƙarya ta yi ba, shi ya sa ba a yi mata bulalar ƙazafi ba. Duhu ne da firgici suka ruɗe ta. Mutum yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya, idonsa kuma ya yaudare shi. A Amurka ma an ɗaure Ronald Cotton fiye da shekara goma bisa shaidar matar da ta yi imani ta gane shi, sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi.

Don haka alƙali yana bambanta wadda ta san mutum tun da, maƙwabci ko ɗan unguwa wanda ta san muryarsa da tafiyarsa, da wadda ta ga baƙuwar fuska cikin duhu sau ɗaya. Maganar ta farko tana da nauyi sosai. Ta biyu, irin ta ƙanwarka, ta isa a kira mutumin a bincike shi, amma ita kaɗai ba ta isa a tsayar masa da haddi ba, domin haddi yana faɗuwa da shubuha. Idan wasu alamu suka ƙarfafa ta, alƙali yana da ikon yi masa ta'aziri mai tsanani, wato horon da yake yankewa bisa ganinsa, ko da babu shaidu huɗu. Yin hukunci bisa alamu yana cikin Alƙur'ani: rigar Annabi Yusuf da ta yage ta baya ita ta bayyana gaskiya.

Ku nemi waɗannan alamun. Kayan da ta sa a ranar, in ba a wanke su ba, a ajiye su cikin takarda. A karɓi Urnik 8, wato fom ɗin binciken likita, wurin 'yan sanda, likita ya rubuta abin da ya gani, ko da lokaci ya ja. Ta faɗi kamanninsa a rubuta tun kafin a sake nuna mata shi: tsayi, tabo, harshen da ya yi magana da shi, ko ta yakushe shi ko ta cije shi. In za a gwada ta, a jera shi cikin wasu masu kama da shi, kada kowa ya yi mata nuni. A kuma bincika inda yake a wannan magaribar.

Su kuwa samarin, haramun ne su taɓa shi, haka kuma yaɗa sunansa ko hotonsa a WhatsApp kafin alƙali ya yanke hukunci. In suka daki marar laifi sun ɗauki alhakinsa, mai laifin kuma yana nan yana yawo a hanyar gonar da sauran 'yan mata ke bi.

Wallahu a'alam.