Filin Tambayoyinku: Gafakar Kaka da alƙalamin gamba

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamar firamare ce a Daura, shekarata 34. Bara da kakanmu ya rasu aka raba kayansa, gafakarsa ta faɗo a kaina, cike da waƙoƙin wa'azi da na bege da ya rubuta da ajami. Wasu takardun har sun fara cinyewa. Ina son in koyi rubutu mai kyau in kwafe su, in kuma rubuta Ayatul Kursiyyu da hannuna in rataya a falo. Na sayi alƙaluman zamani masu faɗin baki, ina bin masu koyarwa a YouTube, amma wata 3 ke nan hannuna rawa yake yi. Rubutuna bai yi kama da nasu ba, bai kuma yi kama da na Kaka ba. Ko na makara ne?
Mai karatu daga Daura

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Malam, ya sa abin da ya rubuta ya zame masa haske a makwanci.

Ba ki makara ba. Ni sai da na haura 50 na koma zaman tabarma da allo a cinya, a zauren wani alaramma da ke bayan gidanmu a nan Katsina, yara na leƙe suna dariya. Gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ko furfura ba ki fara ba.

Rawar hannu ba ita ce damuwarki ba, wannan mako kaɗan ne ta tafi. Damuwar ita ce kin haɗa taura biyu a baki. Waɗanda kike kallo a waya rubutun gabas suke koyarwa, irin su nasahi da ruƙ'a da sulusi, masu bin ma'aunin da ake jingina wa Ibn Muƙla na Bagadaza, wanda ya rasu a 940 miladiyya. Su ɗigon bakin alƙalami ne mudunsu, da shi suke auna tsayin alif da faɗin cikin ba. Shi kuwa Kaka, in dai a tsangaya ko zaure ya tashi kamar sauran tsararsa, hannunmu na gida ne da shi, ɗan gidan rubutun Magarib, mai kauri, mai zama daram a kan layi, irin wanda kike gani a Alƙur'anin Warshu bugun hannun Sharu Bala na Kano. Ki buɗe wata takarda daga gafakar ki duba harafin fa. In ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo guda a sama, to magana ta ƙare. A rubutun gabas fa ce ke da ɗigo guda a sama, ƙaf biyu. Wanda ya gauraya su zai rubuta "ƙul" wani ya karanta masa "ful".

Tunda waƙoƙin Kaka ne suka jawo ki, hannun Kaka za ki bi. Ki ajiye wayar tukuna. Hannun nan ba ƙauyanci ba ne, kamar yadda na ji wasu 'yan zamani na faɗa. Da danginsa malaman ƙasar nan suka yi ta kwafe littattafai tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667 ya bar sharhi a kan Ishiriniya. Duk ranar da na bi ta Masanawa sai na tuna cewa babu injin bugu a ƙasar nan a lokacin, kowane shafi sai da wani ya zauna ya fiƙe alƙalami.

To, kayan aiki. Ki je wajen masu sayar da allo a kasuwa ki sayi allo matsakaici, da damin gamba, da zuge, da ƙaro, da kurtu. Duka ba za su kai kuɗin alƙalumanki na kanti ba. Dalilin allo shi ne ba ya riƙe laifi: ki rubuta, ki wanke, ki shanya, ki sake. Mai koyo a kan takarda mai tsada tsoron ɓarna ne ke sa hannunsa rawa, kuma ina zaton abin da ke kawo rawar hannunki ke nan.

Fiƙe alƙalami shi ne rabin sana'ar, kuma ba wanda zai yi miki shi. Ki zaɓi gamba busasshiya mai tauri, ki yanke kamar tsawon taƙi, ki feƙe gefe guda da sabuwar reza har ya yi harshe, ki ɗan tsaga harshen a tsakiya don tawada ta samu hanya, sannan ki ɗora shi a kan katako ki datse bakin sara guda. Kaurin rubutunki daga wannan datsar yake fitowa. Za ki ɓata goma kafin ɗaya ya yi, ni kam na ɓata fiye da haka, har da yankan yatsa. Ki kuma cusa ɗan auduga ko zare a cikin kurtun, don alƙalami ya riƙa ɗaukar tawada daidai, kada ya kwaso ta ya zubar miki a tsakiyar kalma.

Daga nan ki koma babbaƙu kamar kolo. Kin tuna alu, ambaki, wau, zal? Sunayen nan da muka rera muna yara, su ba-guje da ha-kuri da kaf-lasan, siffar harafi suke faɗa, inda yake ja da inda yake naɗewa. Ki ɗauki shafin Kaka wanda ya fi fita, ki zaɓi harafi guda, ki cika allo da shi. Minti 20 bayan Asuba kullum ya fi awa 3 ranar Asabar. Ki lura da abu biyu kawai a watan farko: alif ɗinki duk su zama tsayi ɗaya, kuma haruffa su zauna a kan layi. Ado zai zo da kansa daga baya.

Kafin ki taɓa kwafe komai, ki ɗauki hoton kowane shafi da waya, gaba da baya, a yadda kika same su. Littattafanmu na da ba a ɗinke su, warwara ne tsakanin fata biyu. Abin da ke riƙe jerinsu kalma ce guda da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi mai zuwa. In sun hargitse, da ita za ki mayar da kowanne gidansa. Kada ki liƙa musu salatif, kada ki kai a rufe su da leda mai zafi, duka biyun kashe takarda suke yi. Ki raba su da danshi da gara kawai. In kin ɗaga wata a hasken rana kika ga jinjirin wata uku a cikin jikinta, to takardar Italiya ce irin wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus, wataƙila ma ta girmi Kakan.

Wajen kwafe waƙa, ki rubuta yadda ya rubuta, ko da kin ga kamar kuskure ne. Ajami bai da ƙa'ida guda da kowa ya bi. Galibi gain ce ke tsaya wa "g", sa mai ɗigo uku ta tsaya wa "c", ɗigo babba a ƙarƙashin harafi ya ba da "e", rufu'a kuma ta ɗauki "u" da "o" duka. Amma kowane malami da 'yar dabararsa, kuma Dauranci na iya fitowa a bakin alƙalaminsa. In kika gyara masa zuwa Hausar littafin makaranta, karin waƙar zai karye, muryarsa ta ɓace. Ki rera baitin kafin ki rubuta. In ƙwar biyar ce, ki bar fili yadda ɗango na biyar mai ɗauke da amsa-amo zai fito fili, ki raba ɗangogin da ɗigo uku na jar tawada. Baƙaƙe ake gamawa tukuna, su bushe, sannan a bi da wasula. Ki duba baitocin ƙarshe da kyau, mawaƙanmu na da sukan ɓoye shekarar da suka gama waƙa cikin ramzi, ki kai wa mai sanin hisabin haruffa ya warware miki.

Sai maganar Ayatul Kursiyyu. Nan zan ce ki dakata, ko da hannunki ya yi kyau.

Shekarata ta biyu da farawa na rubuta wa wani abokina Fatiha da ƙarshen Baƙara, na ƙawata gefe da ja da rawaya, aka sa a gilashi aka rataya a zaurensa. Kowa ya shigo sai ya yaba, ni kuma kai na ta kumbura. Ranar wani suna wani gwani ya zo, ya tsaya gabanta bai fi minti guda ba, ya kira ni gefe. Na tsallake kalma guda a ayar ƙarshe, na kuma yi wasulan wani wuri da Hafsu alhali sauran duk Warshu ne, don daga Alƙur'ani biyu na kwafa. Wata 4 tana rataye mutane na karantawa. Har yau in na tuna sai na ji zufa.

Rubutun Alƙur'ani yana da rasamunsa, wato ƙa'idar rubuta kalmominsa, da ba a ƙetarewa. "Salatu" da wau ake rubuta ta, "Rahmanu" ba alif a jikinta sai ƙarami na ja. A hannunmu launi ma aiki yake yi: ja na wasula, rawaya na hamza, kore na alif ɗin sadarwa, ga alamar kumsa a kan kowace aya biyar da ta kuri a kan kowace goma. Shi ya sa a tsangaya ba a barin mutum da rubutunsa shi kaɗai, sai ya kai allo gaban malami an bi shi harafi-harafi. Ki yi shekara guda a kan waƙoƙin Kaka. Bayan nan ki zaɓi ruwaya guda da mus'hafi guda, ki rubuta ayar a allo, ki aika wa alaramman unguwarku ya duba, ki mayar a takarda, ya sake dubawa, sannan a kai wa mai gilashi. Takardun gwaji masu ɗauke da aya ko sunan Allah kuma ki tanadi kwali guda ki riƙa tarawa, in sun taru a ƙone su a wuri mai tsarki a binne tokar, kada su bi shara.

Tambaya: Malam, ina rubuta baitocin Ishiriniya a takarda ina ba abokai, amma da an shafa hannu sai rubutun ya goge, da damina kuma shafukan su manne da juna. Me nake yi ba daidai ba?
Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: Ɗana, tawadar allo kake zubawa a takarda. Zuge gawayi ne da ƙaro, an yi shi ne don a wanke, a bisa takarda yake kwanciya ba ya shiga jikinta. In ƙaro ya yi kaɗan ya goge, in ya yi yawa ya yi ƙyalli ya manne da zarar iska ta yi laima. Ta takarda ita ce yambar. Ka daka 'ya'yan bagaruwa ka jiƙa, ka jefa kashin maƙera ko tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, ka rufe ka bar shi kwanaki har ruwan ya yi baƙi, ka tace da ƙyalle, sannan ka sa ƙaro kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Sinadarin bagaruwar nan da majema ke jima da shi, shi ne ke haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙin da ke kama takarda. Kada ka damu in ta fito fari-fari da farko, tana ƙara duhu bayan ta sha iska. Amma kada ka cika ƙarfe, don shi ne ke cinye takarda bayan shekaru, har ka ga harafi ya zama huda. Takardar littafin makaranta kuma sha take yi tana baza tawada, ka nemi mai kauri irin ta masu zane, ka gwada a gefenta kafin ka fara baiti.