Shafin da na adana ya ƙi buɗewa a ofis: an goge shi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Apapa. Na adana wata sanarwar ɗaukar ma'aikata a archive.today don kada a cire ta in rasa hujja. Da datar wayata tana buɗewa, amma a Wi-Fi ɗin ofis wani lokaci ta ƙi, wani lokaci kuma wayar ta yi gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne. An goge ta ne, ko leƙen asirina ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda tana buɗewa da datarka, kwafin yana nan lafiya. A hanya matsalar take.

Duk lokacin da ka rubuta sunan shafi, wayarka sai ta tambayi wata na'ura mai suna DNS lambar wurin, kamar yadda baƙo ke tambayar ɗan kamasho a tasha motar da za ta kai shi. Idan aka ba ta amsar banza, shafi ba zai buɗe ba ko da yana nan daram. Shi archive.today, rumbun adana shafuka da aka buɗe a 2012, ya yi shekaru ba ya jituwa da DNS ɗin kamfanin Cloudflare mai lamba 1.1.1.1, saboda Cloudflare ba ya gaya masa yankin da mai tambaya yake. Idan wannan DNS ɗin ne Wi-Fi ɗin ofis ke amfani da shi, a Android 9 zuwa sama, za ka iya shiga saitin Private DNS ka rubuta dns.google, ka sake gwadawa.

Mai yiwuwa kuma da gangan aka toshe. Kamfanoni da yawa suna rufe rumbunan adana shafuka, domin ma'aikata kan bi ta nan su karanta abin da aka hana. Kuma tunda shafukan yanzu a kulle suke da HTTPS, mai hanya sunan gidan kawai yake gani, ba ya ganin takardar da ka buɗe a ciki. Shi ya sa idan ana farautar shafi ɗaya, sai a rufe rumbun baki ɗaya. Haka aka yi wa wani rumbun, archive.org, a Rasha a 2015, da Indiya a watan Agustan 2017 bisa umarnin kotu. Mu ma nan mun ɗanɗana irinta lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Gargaɗin nan shi ya fi damuna, don Allah kada ka raina shi. Wani lokaci abu ne mai sauƙi, Wi-Fi ne ke neman ka shiga ta shafinsa tukuna. Amma akwai kamfanonin da ke girka na'ura a tsakani, ta buɗe saƙonka, ta duba, ta sake rufe shi da takardar shaidarta. Wayarka ba ta san wannan shaidar ba, shi ya sa ta yi kuka. Taɓa 'yar alamar da ke gefen adireshin, ka duba sunan wanda ya ba da shaidar. Idan ka ga sunan kamfaninku, to buɗewa ake yi. Kada ka danna ci gaba, kuma kada ka yarda a sa maka wannan shaida a wayarka ta kanka, domin daga ranar har kalmar sirrin da ka rubuta a burauza a layin ofis ana iya gani. Kwamfutar ofis kuwa galibi an riga an sa mata, ba za ta ma yi gargaɗi ba.

Ba na ba ka shawarar ka kunna VPN, wato manhajar kauce wa toshewa, a layin ofis, kada ka jawo wa kanka takardar tuhuma a kan abin da datar naira kaɗan za ta yi maka.

Sannan rumbu ɗaya bai isa hujja ba. Ka sake adana sanarwar a Wayback Machine, rumbun archive.org, ta hanyar Save Page Now. Ko shi, da ya fara tattara shafuka tun 1996, ya yi kwanaki a rufe a Oktoban 2024 bayan harin masu kutse. Don haka ka fitar da shafin a PDF, da adireshi da kwanan wata a jikinsa, ka tura wa kanka a imel yau ɗin nan.