Ku Tambaya Mu Amsa: Faya-fayan fim ko memuwar, wanne za a riƙe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin unguwar Zariya ne nan cikin Maradi, tun ina saurayi nike tara finafinai, da kaset na bidiyo na fara sannan sidi da dibidi, na Hausa da na Indiya da wasannin tele, yanzu kwali-kwali ne cike ƙarƙashin gado. Uwargida ta ce sun cika mata ɗaki kuma gara ta fara taɓa kwalin, yara kuma sun ce Baba wa ke kallon faifai yanzu, a zuba komi cikin memuwar a zubda tarkacen. Ni dai zuciyata ba ta ba ni ba. Mi ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar gara uwargida ta fi ka gaskiya, yau ɗin nan ka fiddo kwalayen daga ƙarƙashin gado. Yara kuma rabin gaskiya gare su, a zuba cikin na'ura e, amma a zubda faifan a'a, aƙalla ba duka ba.

Ka shimfiɗa tabarma ka zazzage komi ka raba kashi biyu, kuma ba da wanda ka fi so za ka raba ba, da wanda in ya ɓace za ka iya sake samunshi da wanda ba za ka iya ba. Manyan finafinan Indiya da na Amurka da kowa ya sani suna ko'ina, mai turi na bakin kasuwa yana da su, intanet na da su, ko faifanka ya fashe ba ka yi asarar komi ba sai ta kuɗin da ka kashe shekarun baya. Waɗannan ka ba mai so ko ka rage su yadda uwargida za ta samu wurin aje kayanta. Ɗaya kashin shi ne abin ji, kaset ɗin bikinku, na sunan ɗiya, na walimar saukar karatu, wa'azin wani malami da anka ɗauka a masallacin unguwa, da tsofaffin finafinan Hausa da ƴan kasuwa ke ɗaukowa a da daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano su biyo da su ta Jibiya da Ɗan Isa. Kasuwar faifai ta mutu, masu shirya fim sun koma YouTube da masu dogon zango, kuma da yawa cikin tsofaffin nan ba wanda ya ɗora su ko'ina, wasu ma kamfanin da ya yi su babu shi yanzu. Yana iya yiwuwa kofin da ke cikin kwalinka na cikin ƴan kaɗan da sunka rage.

Da kaset za ka fara don shi ne ya fi kusa da mutuwa. Zaren ciki yana yin funfuna in ya sha ɗanshin damina, yana mannewa in ya sha zafi, sannan ita kanta na'urar kunna shi ta zama abin nema, kamfanin Funai na Japan wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta ya daina tun 2016. Ka nemi masu situdiyo da ke ɗaukar biki, wasunsu na da ƴar na'urar da ke haɗa bidiyo da ordinatar, wato kwamfuta. Aikin ba ya sauri, kaset na awa biyu awa biyu zai ci don sai an kunna shi daga farko har ƙarshe, to kada ka tsaya kan mutum kana hanzarta shi. In ka ga fari-fari kamar toka jikin zaren ta tagar kaset ɗin kada ka tura shi cikin na'ura haka nan, zai ɓata kan na'urar ya kuma ɓata na bayanshi.

Faifai kuma ka juya cikinshi ka duba. Wanda ya fito daga masana'anta fari ne kamar azurfa, wanga yana da ƙarko. Wanda anka gasa a ordinatar za ka ga cikinshi ya yi shuɗi-shuɗi ko kore ko ruwan makuba, wani sinadari ne mai launi ke riƙe da fim ɗin kuma rana da zafi na cinye shi sannu sannu ko ba a taɓa shi ba, ga mu garin da watan Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Irin waɗannan su za ka fara kwafewa. Wani abu da mutane ba su lura da shi, a sidi bayanan suna dab da saman da ake rubutu ne, saboda haka ƙarzuwar sama ta fi ta ƙasa muni, kuma rubuta suna da biro mai tsini ɓarna ce. Dibidi shi nashi a tsakiya suke, ya fi jure wannan. Wajen gogewa tsumma mai laushi, daga ramin tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. A aje su a tsaye cikin gidajensu, cikin akwatin ƙarfe, nesa da bango da ƙasa.

Yanzu ina za a zuba. Ba memuwar ba Alhaji. Memuwar da kile, wato ɗan ma'ajin USB, na yawo ne, a sa a waya a cire, a ba aboki aro, su faɗi cikin wanki, kuma in sunka daɗe a aje ba a jona su ba abin ciki na iya lalacewa. Ka sayi diski dur na waje, wato babban ma'ajin da ake jonawa da ordinatar. Sidi guda kamar mega 700 ne, dibidi jiga 4.7, in an matse fim da manhaja irin HandBrake wadda kyauta ce ya koma kamar jiga guda kuma ya yi kyau a tele, to diski mai tera guda, wato jiga dubu (za ka ga ordinatar ta nuna jiga 931, ba cutarka anka yi ba, lissafinsu ne haka) zai ɗauki fim wajen ɗari tara. Sai dai shi ma faɗuwa guda daga kan tebur yana cikin aiki ta isa ta kashe shi da duk abin da ke ciki, shi ya sa na ce kada a zubda faifan kashi na biyu, su ne madogararka ranar da diski ya ƙi tashi. Na biki da na suna kuwa ka ƙara kofi na ukku ka kai gidan ƙanenka ko wani ɗa da ke wani gari.

Yara za su ce ai komi na intanet. Ka tuna musu watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wanda ke da fim cikin waya da ɗan fano na rana ya yi kallo, wanda ke jiran rezo da forfe na intanet ya yi ta jira. Kuma fim ɗin da ka gani yau a tashar wani gobe yana iya cire shi bai yi shawara da kai ba. Abu guda dai zan roƙa, kwafe faifanka don ajiyar gidanka daban, mayar da shi haja kana turawa jama'a daban, masu fim ɗin nan kuɗi sunka zuba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ɗaliba ce ni daga Tasawa. Na sayi memuwar mai jiga 64 da araha na kai anka tura min finafinai, na farko-farko suna buɗewa amma sauran sun ƙi, wasu sunansu ma ya koma wasu alamomi. Sannan kile ɗina na sa a ordinatar wani wuri duk dosiyoyina sun koma rakursi, wato alamomi masu ƴar kibiya. Mai turin ne ya cuce ni?

AMSA: Ƙanwata da wuya laifin mai turi ne, memuwar ce ta jabu. Ana ɗaukar ƙarama mai jiga 4 ko 8 a sauya mata lissafi ta riƙa cewa ita 64 ce, waya ta yarda, ana ta zubawa tana cewa ta karɓa alhali ba wurin, kamar zuba ruwa ne a tulun da ya riga ya cika. Abin da ya wuce ainihin girmanta ya tafi, ba mai dawo miki da shi. Nan gaba kafin ki zuba komi ki sa a gwada ta da H2testw a ordinatar, ƴar manhaja ce da ke cika memuwar tap sannan ta karanta ta faɗi girman gaskiya, ko kuma ki cika ta da kanki ki buɗe na ƙarshe-ƙarshen ki gani. Kuma arahar da ta yi yawa ita ce alama ta farko.

Na kile ɗin da sauƙi, birus ne da ke ɓoye dosiyoyi ya aje rakursi a madadinsu, kayanki na nan. Kada ki danna rakursin, kada kuma ki bari wani mai gaggawa ya ce bari a yi formate, wato a goge komi. A sa shi a ordinatar mai antibirus, a buɗe nuna ɓoyayyun dosiyoyi, a kwashe su gefe, bayan nan ne za a yi formate.

TAMBAYA: Salam. Kile ɗina akwai wuri sosai amma wani fim ya ƙi shiga, yana cewa ya yi girma. Kuma finafinan diskina sun yi yawa ba na gane komi. Daga wani mai ɗinki a Sabon Gari.

AMSA: Maigida kile ɗinka na kan tsarin FAT32 ne, shi kuma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce jiga 4 ko da wuri ya kai nawa. Ka kwashe abin ciki ka yi mishi formate zuwa exFAT ko NTFS, amma ka fara gwadawa da fim guda a telenka don wasu tsofaffin tele da dikoda FAT32 kaɗai suka sani. Batun ruɗewa kuma sunaye ne, fim na zuwa da suna irin VID da lambobi ka bar shi haka. Ka zauna ka sake musu suna, sunan fim da shekara, masu dogon zango kowane da dosiyenshi, kuma ka rubuta 01, 02, 03 ba 1, 2, 3 ba, in ba haka ba wasu tele za su jera maka kashi na 10 kafin na 2.