Tafasa, Matsi da Romon Dutse

Wata ɗaliba mai karatun kimiyyar sinadarai a Samaru ta rubuto: "Malam, zan yi wa 'yan sakandare bayani da Hausa kan abin da ke samun ruwa idan zafi da matsi suka yi masa yawa. Daidai ne in ce matsin lamba? Tafasa da zafi kuma ba abu ɗaya ba ne?"

'Yata, ki bar wa mutane matsin lamba. Mai bin bashi ne ke matsa wa mutum lamba. Ga ruwa, "matsi" kaɗai ya wadatar.

Tafasa kuwa daban take da zafi, kuma iyayenmu mata sun daɗe da rarrabewa a bakin murhu: ruwa ya yi ɗumi, ya yi zafi, ya tafasa, ya shiga ɓararraka har murfi na rawa. Zafi awo ne. Tafasa ita ce lokacin da ruwa ya fi ƙarfin iskar da ta danne shi, ya ƙwace ya zama tururi. Shi ya sa a bakin teku sai ya kai digiri 100, amma a nan Zariya, da muke kan tudu fiye da mita 600, butar mai shayi a Tudun Wada takan tafasa tun wajen 98. A kulle murfi ruf kuma, tururi ya rasa mafita, ruwan zai kai wajen 120, ƙafar saniya ta yi luguf da wuri. Wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera irin wannan tukunya a 1679 don tausasa ƙashi.

Idan zafi ya wuce digiri 374, matsi ya haura ninki 218 na iskar da ke kanmu, tafasa ta ƙare. Babu sauran iyaka tsakanin ruwa da tururi. Mai yana narkewa a cikinsa, gishiri kuwa ya ƙi. Ni dai "ruwan da ya wuce tafasa" nake ce masa, domin yaro zai kama shi nan take.

Ki buɗe darasin da karin maganar nan: mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Kakanninmu sun zaɓi dutse ne don shi ne abin da ba ya dahuwa, haƙuri kuma suke yabo. To, ga shi masana suna zuba gutsattsarin farin dutsen da Turawa ke kira quartz, ɗan'uwan ƙanƙarar ƙyasta wuta, a tukunyar ƙarfe mai kauri, da ruwa da sinadari mai kaifi irin na kanwa. Zafi ya kusan 400, matsi ya kai ninki 1,000 ko fiye, a bar shi makonni. Dutsen ya narke a ƙasan tukunya, ya hau sama inda zafi ya ragu, ya sake daskarewa garau kamar gilashi. Ɗan ƙanƙanin yankinsa ne ke ƙirga daƙiƙa a agogon batir da ke hannunki. Ki cire agogon ki nuna wa yaran.