Tambaya da Amsa: Dashen Ciyawar Ado a Kakar Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar birnin Lids ce a Ingila. A bayan gidan da muka koma mun tarar da ciyawar ado iri uku: wata doguwa mai farin kai da ake kira pampas, da Miscanthus wadda ta yi faɗi har tsakiyarta ta mutu, da wata 'yar gajeruwa mai launin shuɗi-shuɗi da ake kira Festuca. Ina so in sauya musu wuri a wannan wata na Oktoba kafin sanyi ya kankama. Shin akwai matsala?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Festuca ce kaɗai zan ba ki shawarar ki dasa yanzu, sauran biyun kuwa ki ƙyale su a inda suke har ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu.

Dalili shi ne ciyawar ado ta kasu gida biyu. Akwai mai son sanyi-sanyi, irin su Festuca da Calamagrostis, wadda saiwarta ke ci gaba da tofowa a Satumba da Oktoba muddin ƙasa tana da sauran ɗumi. Akwai kuma mai son zafi, kamar Miscanthus da ta fito daga gabashin Asiya da pampas ta Kudancin Amurka, waɗanda ɗabi'arsu ta fi kusa da ta gero da dawa, domin ba sa girma sai ƙasa ta ɗumama. Idan kika tono irin wannan a Oktoba, kin yanke mata saiwa a daidai lokacin da ta daina fitar da sabuwa, sai ta shafe watanni zaune cikin ƙasa mai sanyi da laima, kuma sau da yawa ruɓewa ce ke kashe ta tun kafin a zo batun daskarewa, musamman idan ƙasar gidanki laka ce mai riƙe ruwa. A nan ne kalmar kaka kan ruɗi mutanenmu: a gida abin da ke bin bayan kaka shi ne bushewar hunturu, a Ingila kuwa ruwa ne da duhu.

Game da Festuca, kada ki yi jinkiri, domin tana bukatar mako 4 zuwa 6 kafin ƙasa ta fara daskarewa. Ki shayar da ita kwana ɗaya kafin aikin, ki haƙa sabon ramin tukuna a wuri mai rana wanda ruwa ba ya kwanciya, sannan ki ɗago ta da ƙasarta, ki raba ta da hannu idan ta yi kauri. Ki binne ta daidai zurfin da take a da, don zurfafawa na ruɓar da gindinta, kuma ba ta bukatar takin zamani a wannan lokaci.

Mutuwar tsakiyar Miscanthus ba cuta ba ce, tsufa ne, tunda tana yaɗuwa ne ta gefe tana barin tsohon gindi a tsakiya. Ki bar busasshen ganyenta a tsaye duk tsawon sanyi, domin yana kare gindin, kuma a ganina a lokacin ne ma ta fi kyau. A ƙarshen Fabrairu ko Maris ki sare shi ya rage kamar santimita 10, idan sabon tsiro ya bayyana a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu sai ki tono ta gaba ɗaya, ki datsa ta da shebur mai kaifi ko tsohon zarto, ki yar da mataccen ɓangaren ki dasa na gefe. Aiki ne mai nauyi, ki nemi mai taimaka miki.

Pampas ita ma sai ƙarshen Afrilu ko Mayu za ki dasa ta, amma ki sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu, saboda gefen ganyenta na yanka fata kamar reza. Idan kuwa wani aikin gini ya tilasta miki cire ɗayansu yanzu, ki ɗago ta da ƙasa mai yawa ba tare da kin raba ta ba, ki rage tsawon ganyen don kada iska ta riƙa jijjiga ta, ki sa ta a babban mazubi mai huji a ƙasa, ki ajiye a jikin bango inda ruwan sama bai cika dukanta ba har zuwa Afrilu.