Tambaya da Amsa: Yaya ake tsara wa manhajar duba rubutu dokokin Hausa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran rubutu ne, kuma da LibreOffice nake aiki. Duk abin da na rubuta da Hausa sai manhajar ta ja masa jan layi. An ce mini zan iya rubuta mata dokoki da kaina. Na riga na tara kalmomi masu yawa daga intanet. Ta ina zan fara, kuma shin za ta iya kama kurakurai irin su "kasa" a maimakon "ƙasa" da "su na" a maimakon "suna"?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Za ka iya, kuma ba sai ka zama mai shirya manhaja ba. Abin da ke duba kalmomi a cikin LibreOffice sunansa Hunspell. László Németh, ɗan ƙasar Hungary, shi ya samar da shi saboda harshensu mai yawan ɗafe-ɗafe, kuma shi ne ya maye gurbin tsohon mai duba kalmomi, MySpell, a OpenOffice a 2006. Firefox ma da shi yake aiki. Fayil biyu yake nema: ha_NG.dic, wato jerin kalmomi, da ha_NG.aff, inda dokoki suke.

Kafin ka taɓa dokoki, koma kan kalmomin da ka tara. Akasarin Hausar da ke intanet babu lanƙwasa a cikinta, don haka jerin naka cike yake da "daya" da "karshe" da "bangare". Duk wadda ta shiga fayil ɗin ta zama halal a wurin manhajar, ba za ta sake ja mata layi ba har abada. Wannan ya fi jan layin da kake kuka da shi muni, domin jan layi kana ganin sa, amma kuskuren da aka bari ya wuce sai ya fito a takarda kafin ka sani. A ganina kalmomi kaɗan da ka tantance da idonka sun fi tuli da ba a tace ba. Layin farko na fayil ɗin adadin kalmomin ne, sannan kowace kalma a layinta.

A fayil ɗin dokoki, layin farko shi ne SET UTF-8, in ba haka ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ za su rikice. Sai ka koya masa cewa masu lanƙwasa da marasa ita 'yan uwan juna ne:

MAP 3
MAP kƙ
MAP dɗ
MAP bɓ

Da wannan, idan wani ya rubuta "dauka", za a nuna masa "ɗauka" a cikin shawarwari. Lambar da ke layin MAP na farko adadin layukan da ke biye ne, kuma dole ta yi daidai da su. Sau da yawa idan fayil ya ƙi aiki, an ƙara layi ne an manta ba a gyara lambar ba.

Akwai masu rubuta "d'aya" da "k'asa" saboda allon wayarsu ba shi da haruffan. Su kuma REP ke maganinsu, kuma shi ne ke raba kalmomin da ake mannewa, inda alamar _ ke nufin tazara:

REP 4
REP d' ɗ
REP k' ƙ
REP ^shine$ shi_ne
REP ^acikin$ a_cikin

Kada ka sa "d'" a ƙarƙashin ICONV. Shi ICONV yana canza harafi ne a ɓoye kafin a duba kalma, ke nan "d'aya" za ta wuce lafiya lau ba tare da an gaya wa marubuci komai ba. Abin da ya dace da shi shi ne alamar da ke cikin "'ya'ya" da "sa'a" da "jama'a", domin manhajojin rubutu sukan mayar da miƙaƙƙiyar alamar ta koma lanƙwasasshiya, alhali a wurin kwamfuta haruffa biyu ne daban. Ka kuma sa alamar a layin WORDCHARS don a ɗauke ta cikin kalma. Sai dai LibreOffice da Firefox kowanne yana da hanyarsa ta yanka jimla zuwa kalmomi, saboda haka ka gwada "'yan" da "'yar" a cikinsu kai tsaye ka ga ko alamar farkon ta tsira.

Inda aikin yake da gaske shi ne ɗafa-ƙeya. Ba za ka zauna kana rubuta gida, gidan, gidana, gidanka, gidansu ɗaya bayan ɗaya ba. Doka ɗaya za ka yi, ka ba ta harafi:

SFX N Y 3
SFX N 0 n .
SFX N 0 na .
SFX N 0 nsu .

Sifilin yana nufin ba a cire komai daga kalmar, na gaba shi ne abin da ake ɗafawa, ɗigon kuma yana nufin babu sharaɗi. A jerin kalmomi sai ka rubuta gida/N. Ka cika sauran (nka, nki, nsa, nta, nmu, nku), sannan ka yi wata dokar, a ce R, mai ba da motar, motata, motarsu.

Za a jarabce ka ka ce duk kalmar da ta ƙare da "a" ta ɗauki R. Kada ka yi. Gida, ruwa, nama da suna duk da "a" suka ƙare amma "n" suke ɗauka, dokar za ta haifar maka "gidar" da "ruwar" ta kuma amince da su. Gwamnati kuwa mace ce a nahawu, amma "gwamnatin" muke cewa. Kowace kalma kai za ka yanke mata hukunci. Masu ƙarewa da "ai" suna buƙatar tasu dokar, domin malamai na komawa malaman da malamansu, "i" ta faɗi, amma a malamaina tana nan. Jam'i kuwa ban ba ka shawarar yi masa doka ba sam. Gidaje, motoci, jirage, ƙasashe, littattafai: babu ƙa'ida ɗaya da za ta fitar da su ba tare da ta ƙirƙiro kalmomin da babu su ba. Rubuta kowane jam'i a layinsa.

Yanzu tambayarka ta biyu. Hunspell ba zai kama "kasa" a wurin "ƙasa" ba, domin "kasa" kalma ce sahihiya, kamar yadda baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari duk suke. Kalma ɗaya yake gani a lokaci guda, bai san maƙwabciyarta ba. Haka "su na", tunda "su" daidai ce, "na" ma daidai ce. Wannan aikin manhajar duba jimla ne irin LanguageTool, wadda Daniel Naber ya fara a 2003. A can ana rubuta dokoki a fayil ɗin grammar.xml: ka jera kalmomin da ake nema a jere, ka rubuta saƙon da marubuci zai gani, da gyaran, da misalin jimla mai kuskure. Sai dai shigar da sabon harshe a cikinta yana buƙatar hannun mai shirya manhaja.

Ko a can ma a yi hattara. Dokar da ta ce duk "su na" a haɗe ta za ta ɓata "na ba su na jiya", haka ta "ta na" za ta ɓata "ya ba ta na farko". Dole a keɓe wuraren da "ba" ta gabata, da makamantansu. Dokar da ke yawan kuka a banza, kashe ta mutane suke yi, su daina duba sauran ma.

Wajen gwaji, ajiye fayil biyu. Ɗaya rubutu ne mai tsabta da ka amince da shi, ɗaya kuma kurakurai ne zalla da ka saba gani a wurin aiki. Duk lokacin da ka canza doka, ka buɗe tagar umarni ta kwamfuta (terminal) ka buga hunspell -d ha_NG -l sannan sunan fayil ɗin. Na farko bai kamata ya fitar da komai ba, na biyu kuwa ya kamata ya dawo maka da kowace kalma. Idan kuma kana da masu karatu a Nijar, inda ake rubuta "ƴan" a wurin "'yan", yi musu fayil ɗin ha_NE daban, kada ka zuba rubutun biyu a jeri ɗaya, don kada manhajar ta bar marubuci yana gauraya su a shafi guda.